Takalmin Gudu a Ƙasar Ƙarangiya

Kwalta ba ta da yawa a Gwadangaji. In ka bar babban titi ka ratsa bayan gidaje, taku kaɗan za ka yi ƙafarka ta faɗa rairayi. Gaba kaɗan jan marmara ne da tsakuwa, sai gonakin gero da kunyoyinsu, sai burtali, in ka miƙa kuma ka gangara fadamar Rima inda ake noman shinkafa. Duk wanda ya ce zai riƙa gudu ko tafiyar motsa jiki a nan, gudun jeji yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. A Turai da Amurka wannan wasa ne mai zaman kansa, da gasanninsa da kantunansa da irin takalmansa. Mu a nan hanyar da Allah ya ba mu ke nan.

Masu bin ta kuwa ba kaɗan ba ne. Akwai samarin da ke shirin gwajin shiga soja ko ɗan sanda, waɗanda ke fitowa da an sallame sallar asuba. Akwai 'yan ƙwallo masu neman numfashi. Akwai ma'aikatan sakatariyar jiha da ke nan Gwadangaji, waɗanda likita ya ce masu hawan jini ko suga ya fara sallama, sai a taka ƙasa. Akwai mata da ke fita biyu-biyu ko uku-uku da sanyin yamma, da 'yan bautar ƙasa da suka baro sansanin Dakingari da farin kambas ɗin da aka raba masu. Tambayarsu ɗaya ce: wane takalmi zan saya wanda ba zai cinye mini ƙafa ba, kuma ba zai mutu kafin wata uku ba?

Tambayoyi biyu ne aka ƙulla wuri guda, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Yawancinmu da ta biyun muke farawa. Mu ɗauki takalmi mu lanƙwasa, mu ƙwanƙwasa ƙasansa, mu duba tambarin kamfani, sai can a ƙarshe mu zura ƙafa ɗaya mu ce ya yi. A ganina an juya lissafin. Ƙarko abu ne da shumekan bakin kasuwa zai iya ƙara wa takalmi da zare da basilla, kai ma ka ƙara masa da irin riƙon da ka yi masa. Amma takalmin da bai dace da ƙafa ba tun ranar saye, babu gwanin da zai gyara shi.

To, a fara da ƙafar. Wanda ya tashi a ƙasar nan, ya yi yarintarsa ba takalmi ko cikin silifa, ya girma cikin buɗaɗɗen takalmi irin na zuwa masallaci da ofis, ƙafarsa ta bambanta da ta wanda aka ɗaure cikin sau-ciki tun yana koyon tafiya. Gabanta ya fi faɗi, yatsun a baje suke, babban yatsa ya miƙe sak maimakon ya karkata ya danne 'yan'uwansa. Ba yau aka lura da haka ba. Tun 1905 wani likitan ƙashi a Amurka, Phil Hoffmann, ya wallafa kwatancen ƙafafun masu yawo ba takalmi da na masu sa takalmi, ya nuna yadda matsi ke sauya wa yatsu kama. Kamfanonin takalman gudu kuwa suna ƙera kayansu ne bisa ƙafar waɗanda suka fi saya, kuma ba mu ba ne. Shi ya sa mutumin Gwadangaji zai sa lamba 43, tsawo ya yi cif, amma ƙaramin yatsa yana ihu.

Maganin da aka saba yi shi ne a ƙara lamba, a ɗauki 45. Matsi ya tafi, sai wata masifar ta shigo: ƙafa ta riƙa yawo a ciki, diddige yana fita yana komawa har ya ɗuri ruwa, in an zo gangare kuma yatsu su riƙa dukan gaba har farcen babban yatsa ya yi baƙi ya cire. Faɗi ake buƙata, aka je aka sayo tsawo. Wasu kamfanoni, irin su New Balance da Brooks da Asics, suna rubuta faɗin a jikin takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmi. A na maza, harafin D shi ne matsakaici, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. A na mata matsakaicin B ne. Kamfanin Altra ma ya yi suna ne da barin gaban takalmi a buɗe bisa siffar yatsu. Ba kullum ake cin karo da irin waɗannan a dilar gwanjo ba, amma wanda ya san abin da yake nema ya fi wanda bai sani ba damar tsinta, kuma sau da yawa mai kayan bai san harafin yana da wata daraja ba balle ya ƙara kuɗi a kansa.

Ita lambar ma ba abin rantsuwa ba ce. A ma'aunin Turai, wanda muka fi sabawa da shi, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku na santimita ne. A na Ingila kashi ɗaya cikin uku na inci ne, wato wajen milimita 8 da rabi. Ma'aunan biyu ba sa haɗuwa daidai, don haka kowane kamfani da yadda yake daidaita su: lamba 8 ta Ingila 42 ce a wurin Adidas, amma 42.5 ce a wurin Nike. Abin da ya fi kusa da gaskiya a takardar shi ne inda aka rubuta CM ko JP, domin awon tsawo ne kai tsaye. Wanda zai yi odar takalmi daga Kano ko Legas ta waya, a sako masa a mota, gara ya shimfiɗa takarda a jikin bango, ya taka a tsaye diddige na taɓa bangon, a ja masa layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, a auna. Ƙafa biyun za a auna, don da wuya su zo ɗaya, kuma babbar ake bi. Mace da ta haihu ma kada ta dogara da lambarta ta 'yanmatanci, don ciki yakan ƙara wa ƙafa tsawo da faɗi, kuma ba lallai ta koma ba.

A kasuwa kuwa, ko babbar kasuwar Birnin Kebbi ce ko ta Jega ko ta Argungu, zancen kusan ɗaya ne. Ka zura ƙafa, mai kaya ya duba ya ce, "Wanga naka na, Yallaɓai." Ka ce ya ɗan kama ka a gaba. Ya ce, "Shina buɗewa. Ka sanya shi kwana biyu, ya saki." Ba ƙarya ya shirya maka ba, abin da ya sani game da fata ya faɗa, kuma takalmin fata yana saki. Takalmin gudun jeji kuwa da zaren roba ake saƙa samansa, a zagaye bakinsa da wata roba mai tauri don kare yatsu daga tuntuɓe, kuma an yi su ne musamman don kada su saki. Kafin ya buɗe, ƙafarka ta riga ta buɗe.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi ba ya buƙatar gardama da kowa. Zaro shimfiɗar cikin takalmin, ajiye ta ƙasa, taka ta a tsaye da dukan nauyinka. In gefen ƙafarka ya zubo waje, ajiye takalmin komai kyansa. In ya zauna, duba gaba: ya kamata a samu sarari kimanin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin shimfiɗar. Sannan ka mayar, ka sa duka biyun da irin safar da za ka riƙa gudu da ita, ka ɗaure igiya sosai, ka taka. Diddige ya zauna daram, tsakiya ta rungume ƙafa ba tare da ta shaƙe ta ba, yatsu su iya motsi. Nemi ɗan gangare, ko bakin kwalbati ne, ka tsaya kana fuskantar ƙasa ka ji ko yatsu na dungurar gaba. Kuma a je bayan la'asar, domin ƙafa tana kumbura da wuni da zafi, takalmin da ya yi daidai da hantsi yakan zama kurkuku da yamma. In komai ya yi sai diddige kaɗai ke ɗan ɗagawa, a duba ƙaramar kafar igiya ta can sama wadda yawancin mutane ke bari a banza. A zura igiyar kowane gefe cikin kafar gefenta ta yi ɗan kunne, a ratsa bakin igiyar wancan gefen ta cikin kunnen, a ja, a ɗaure. Sau da yawa shi ke nan.

Masu gudu suna son labarin Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun dogon zango a gasar Olamfik ta birnin Rum ranar 10 ga Satumba 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne dalili: takalmin da ya samu kafin tseren bai zauna masa ba, ya fitar masa da bororo, sai ya ga gara ƙafarsa da ya sani. Bayan shekara huɗu, a Tokiyo, da takalmi ya yi gudun, ya sake ci, ya kuma rage lokacin. Ba gaba yake da takalmi ba, da wanda bai dace ba yake.

Binciken zamani ma can ya karkata. An daɗe ana gaya wa mutane cewa sai an duba ramin tafin ƙafarsu, mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a ba shi takalmi mai tauri, mai zurfin rami a ba shi mai laushi. Rundunonin sojan Amurka sun gwada wannan a kan dubban sababbin kurata, aka raba wa wasu takalmi bisa siffar tafinsu, wasu aka ba su iri ɗaya ba tare da dubawa ba, kuma ba a ga bambancin kirki a yawan rauni ba. A 2015 Benno Nigg na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana nazarin takalman wasanni, ya rubuta tare da abokan aikinsa cewa jin daɗin ƙafa a cikin takalmi ya fi waɗancan rabe-raben zama abin dogaro. Wannan albishir ne gare mu, tunda ba mu da na'urar auna taku a bakin kasuwa, amma kowa yana da ƙafa.

In dacewa ta samu, sai a dubi ƙasar da za a taka, kuma a nan ne sunan kamfani ke yaudarar mutane. Manyan takalman gudun jeji 'ya'yan duwatsun Turai ne. Vitale Bramani ɗan Italiya ya ƙirƙiro ƙasan roba mai haƙora na Vibram a 1937, bayan abokan hawan dutsensa shida sun mutu a tsaunukan Alps a 1935, aka ɗora laifin a kan takalman da suka sa. Salomon a garin Annecy na Faransa aka kafa shi a 1947, Hoka ma a can ya fara a 2009. Taɓo da ƙanƙara da jiƙaƙƙen dutse su ne abokan gabar da suka sani. Shahararren samfurin nan na Salomon, Speedcross, wanda kwaikwayonsa ya cika kasuwanni, dogayen haƙora gare shi masu tazara, don su nutse a laka. Ɗora su a kan busasshen marmara da kwalta mai zafi, sai su riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashinka suna cinyewa, ga shi kuma a gaba ba mai yalwa ba ne. Wata takwas ko fiye a shekara ƙasarmu a bushe take. Abin da ya fi mana shi ne gajerun haƙora, milimita 3 zuwa 4, masu yawa kusa da juna, na roba mai tauri wadda ta rufe ƙasan tun daga diddige har yatsu. A juya takalmi a duba: yawancin na gudun titi suna barin soso a fili a tsakiya don rage nauyi, kuma nan ne tsakuwa ke fara ci.

A watan Agusta, in fadama ta cika, dogon haƙori yana da ranarsa, ko da yake lakar fadama ba ta jin kunyar kowane takalmi. Ni fadamar rani ta fi ba ni tsoro. Shanu sun bi ta tana ɗanya, sawunsu ya bushe ya zama ramuka masu kaifin baki, ƙasa ta tsattsage. A irin wannan wuri takalmi mai tudun soso abokin targaɗe ne, don duk yadda ƙafa ta yi nisa da ƙasa, haka idon sawu ke saurin juyewa. Tun da Eliud Kipchoge ya yi gudun kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana, ranar 12 ga Oktoba 2019, samari suka ɗora ido a kan irin takalminsa mai kauri, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin a milimita 40 a farkon 2020. Don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi shi, kuma don tsere, ba don yau da gobe ba. Mai bin hanyar Zauro ta cikin gonaki ya nemi mai faɗin gindi, matsakaicin kauri.

Sai ƙaya, wadda masu ƙera takalmi a Annecy ba su san zafinta ba. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa suna ratsa soso mai laushi su iske tafin ƙafa. Tsidau yakan kafe a ƙasan takalmi ya yi ta nutsewa sannu a hankali. Wasu takalman jeji suna da wani siririn faifan roba mai tauri a ɓoye tsakanin soso da ƙasa, an sa shi don kaifin dutse, amma mu ƙaya yake tare mana. Ana gane shi in an danna tsakiyar gaban da babban yatsa aka ji ya ƙi shiga. Ƙarangiya ba ta huda ƙasa, sama take bi: da kaka ta yi, sai ta lulluɓe igiya da safa da duk wani yadi mai gashi-gashi, ka dawo gida ka zauna tsinta da yatsu. Sama mai santsi da matsattsiyar saƙa ya fi, a kuma cusa ragowar igiya ƙarƙashin ɗaurin.

Matsattsiyar saƙa tana da wani amfanin, wato tare rairayi, amma nan akwai ciniki. Raga mai manyan idanu tana shan iska, tana kuma shan yashi, yashi da gumi in sun haɗu a tsakanin yatsu kuwa fata suke ci. Mai rufi ruf yana tare yashi, yana dafa ƙafa. Mafi muni a wurinmu shi ne wanda aka rubuta wa Gore-Tex ko GTX, wato mai hana ruwa shiga. Mai kaya zai nuna maka rubutun a matsayin ƙarin daraja, kuma a ƙasar sanyi daraja ce. A Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, azaba ce, in kuma ruwa ya shiga ta sama da damina ba shi da hanyar fita.

Waɗanda suka fi kowa sanin matsalar rairayi da zafi su ne masu gasar Marathon des Sables a hamadar Maroko, wadda Bafaranshe Patrick Bauer ya fara a 1986, tafiyar kimanin kilomita 250 cikin mako guda. Lahcen Ahansal, ɗan yankin Zagora, ya ci ta sau 10. Dabararsu biyu ce: su ɗauki takalmin da ya ɗara lambarsu saboda kumburi, su kuma sa masa wata riga ta yadi mara nauyi da ke rufe shi daga gefen ƙasa har sama da idon sawu, a maƙale ta da abin maƙalawa mai ƙaras-ƙaras da aka ɗinke a kewayen takalmin. Babu abin da ke cikin wannan da tela da shumeka na Gwadangaji ba za su iya haɗawa a wuni ɗaya ba. Ga mai gudun kilomita biyar ba dole ba ne, amma mai doguwar tafiya cikin rairayi zai gode.

Yanzu ga batun ƙarko, wanda a wurinmu batun gwanjo ne. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, sabon takalmi na asali ya fi ƙarfin albashin yawancin masu buƙatarsa, don haka zaɓin gaskiya tsakanin biyu yake: tsohon na asali daga dila, ko sabon jabu daga kwali. Kayan dila, ko ta Kwatano suka biyo ko daga Ƙofar Wambai ta Kano aka saro su, suna da sirrin da ido ba ya gani. Rayuwar takalmin gudu tana cikin soson tsakiya ne, kuma shi ke fara mutuwa tun sama yana sheƙi. Ƙiyasin da kamfanoni da masu horarwa suka saba bayarwa shi ne kilomita 500 zuwa 800. Mai yin kilomita 5 sau biyar a mako yana cin kilomita 100 a wata, ka ga wata biyar zuwa takwas ke nan ga sabo fil. Na gwanjo kuwa wani ya riga ya ci rabonsa a wata ƙasa, ba a kuma rubuta nawa ya ci ba.

Amma yana barin shaida. Dubi gefen soson: in ya yi tamoji, layi-layi a kwance, ya sha matsa. Ajiye takalmin a kan tebur ko benci ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe guda, ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta wa ƙafarka ta bi. Dubi cikin diddige ko yadin ya huje. Kama gaba da baya ka murɗa: in ya murɗe ba gardama, ya gama aiki. Kada wanki da farin fenti su ruɗe ka, masu kaya sun iya kwalliya, sana'arsu ce. Sannan ka koma ga takardar nan ta ƙarƙashin harshe, domin Nike da Adidas da wasu suna buga wata da shekarar ƙira a wurin. Wannan yana da muhimmanci ko da takalmin bai taɓa taka ƙasa ba. Gam yana tsufa a ajiye. Akwai kuma wani nau'in soso, wanda aka fi sa wa takalman hawan dutse da na aiki, da danshin iska ke ci a hankali shekara da shekaru. Ka saye shi kamar sabo, ka yi tafiyar rabin awa, ƙasan ya marmashe kamar busasshen burodi. Danna farce a soson kafin ka biya. Mai rai yana shiga ya dawo, mataccen yakan fashe ko ya yi gari.

Jabu ba sai an sha wahalar gane shi ba: warin gam, ɗinki a karkace, lambar da ke kwali ta saɓa da ta harshe, ƙasa mai sheƙin leda maimakon roba. Ba na cikin masu cewa a guje shi ko ta halin ƙaƙa. Dattijon da zai yi tafiyar minti talatin a kan hanya mai laushi, in jabu ya zauna masa daidai, ya fi masa na asalin da ke matsa shi. Amma saurayin da zai yi wata uku yana dukan marmara kafin gwajin soja, araha ba za ta yi masa ado ba, don soson jabu yakan kwanta cikin makonni, ƙwauri da gwiwa su karɓi dukan. Gara ya yi haƙuri ya bi ranar da ake fasa dila.

Abin da ya rage yana hannun mai takalmi. Al'adar nan tamu ta kai sabon takalmi wurin shumeka a zagaye shi da ɗinki tun kafin a sa shi, al'ada ce mai hankali, domin zafin ƙasarmu gam yake fara kashewa, kuma baki yake fara buɗewa. Sai dai a ce masa ya bi inda roba take, musamman bakin gaba, kada ya yi ta huda soso tsirara kusa da kusa, don zaren zai yanka shi. In kuma irin mai jakar iska ne a diddige, basilla ɗaya ta isa ta kashe shi. A shafa hannu a ciki bayan ya gama, ƙulli ɗaya a ƙarƙashin yatsa ya isa ya ɓata tafiya.

Akwai kuma abin da mu muke yi wa takalmi wanda Bature bai yi tunaninsa ba. Muna cirewa muna sawa sau da yawa a wuni, a ƙofar masallaci, a ƙofar ɗaki, a gaban manya. Gaggawa ta sa a take bayan a mayar da shi silifa, ko a tura ƙafa da ƙarfi ba a kwance igiya ba. A cikin bayan nan akwai wani ƙoƙo mai tauri da ke riƙe diddige, in ya karye sau ɗaya ya karye ke nan, dacewar da aka sha wahalar nema ta tafi. Takalmin gudu na gudu ne, a tafi masallaci da silifa. Haka buga ƙwallo da shi, yana yage gefe cikin mako. Haka zura jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala, wanda ke kawo wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu. In an wanke, a zare shimfiɗar, a cusa tsohuwar jarida, a shanya a inuwa inda iska ke bi. Ranar bazara tana ƙanƙance soso tana sakin gam, haka ma bayan mota da aka rufe. Kafin a sa da asuba kuma a kife a kakkaɓe, kunama tana son wurin.

Wanda ya samu hali ya riƙe biyu yana musanyawa. Wani bincike da aka yi a Lukzambur a kan masu gudu 264 na tsawon mako 22 ya gano cewa masu musanya takalma sun fi masu takalmi ɗaya ƙarancin rauni da kimanin kashi 39 cikin 100. A nan ma dabarar tana da wani amfani: ɗaya na rani, ɗaya na damina, ko ɗaya ya bushe yayin da ɗaya ke aiki. Safa kuma kada a raina ta. Ta auduga tana riƙe gumi ta naɗe, sau da yawa ita ke haifar da bororon da ake ɗora wa takalmi laifinsa. Ta zaren roba irin ta 'yan ƙwallo ta fi. Da hunturu a riƙa shafa man kaɗe a diddige, don faso yana cin safa, yana cin yadin cikin takalmi, in ya tsage kuma ya hana gudun gaba ɗaya.

Wani zai ce, duk wannan dogon zance, ga Bafulatani can yana bin shanu daga fadamar Argungu har inda ciyawa ta kai shi cikin takalmin roba na 'yan kuɗi kaɗan, bai taɓa jin sunan Vibram ba. Gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai ba. A Afrilun 2017 María Lorena Ramírez, 'yar ƙabilar Raramuri ta Meziko, ta ci tseren jeji na kilomita 50 a jihar Puebla sanye da siket da takalmin da aka yanka daga roba irin ta taya. Sai dai ita da makiyayin sun gina ƙafarsu ne tun suna yara, fata da jijiya da agara duk sun saba. Ma'aikacin da ya shekara ashirin daga mota sai kujera, in ya kwaikwaye su rana ɗaya, agararsa ce za ta ba shi amsa. Ko sabon takalmi mai kyau ma ba a fara shi da doguwar hanya, balle ranar gwaji. A ba shi gajerun fita na mako ɗaya ko biyu tukuna.

Akwai rukuni ɗaya da duk wannan shawara ta a saurari ƙafa ba ta isar masu, kuma suna cikin waɗanda aka fi tura wa motsa jiki: masu ciwon suga da ya daɗe. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, har mutum ya wuni da tsakuwa ko ƙaya a cikin takalmi bai sani ba, ƙaramin bororo ya zama gyambon da ke ƙin warkewa. Su awon takarda da gwajin shimfiɗa wajibi ne, ba zaɓi ba. Su shafa hannu cikin takalmin kafin kowace fita, su guji mai ɗinki a ciki, su sa farar safa don jini ko ruwa ya nuna, su duba tafi da tsakanin yatsu kowane dare, da madubi ko a sa wani a gida ya duba. In an ga ja ko ƙuje da bai tafi ba zuwa washegari, a ajiye takalmin a nufi Asibitin Sir Yahaya ko wanda ya fi kusa, kada a tsaya jiran ya yi zafi, don mai yiwuwa ba zai yi ba.